Waya, kuran da harshe: Lissafin wani matashin ɗan biro a Maraɗi kan intanet ɗin gobe

Da misalin ƙarfe 2 da rabi na rana, zafin bazara na kan ganiyarsa, kuran ya ɗauke a wani layi da ke kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Fankar sama ta yi juyi uku ta tsaya. A cikin wani ƙaramin biro mai teburi uku babu wanda ya ce uffan, domin kowa ya san abin yi. Ɗaya ya buɗe taga, ɗaya ya ɗauki buta. Na ukun ya dubi agogo, saboda batirin da ke riƙe kwamfutarsa minti 15 yake yi kafin ya fara kuka.

Cikin waɗannan mintoci ya ciro salularsa, ya haɗa ta da kwamfutar, ya tura takardar kuɗin wasu kaya zuwa Lome. Sai da saƙon ya tafi sannan ya jingina da kujera.

Matashin mai shekara 28 ya karanta lissafin kuɗi, kuma shekararsa ta huɗu ke nan yana aiki wurin wani ɗan kasuwa da ke shigo da shinkafa da man girki. Shi ke rubuta takardun kaya, shi ke bin sahun motoci, shi ke amsa saƙonnin Faransanci. Ya nemi a sakaya sunansa don Alhajin da yake wa aiki ba ya son a ji harkarsa a jarida. A kasuwa dai mai kwamfuta ake ce masa.

Kamar sauran tsaransa, yana kallon bidiyon motoci masu tuƙa kansu da mutum-mutumi masu aiki a masana'antu. Amma ya ce duk lokacin da fanka ta tsaya, tunaninsa kan gobe yakan dawo ƙasa. A ganinsa, makomar intanet a nan ta rataya ne a kan abubuwa uku da ba a cika nunawa a bidiyo ba: wayar da ke kawo shi, wutar da ke riƙe shi, da harshen da yake magana da shi. Duka ukun kuma, in ji shi, har yanzu na aro ne.

Ranar da teku ta taɓa Maraɗi

Ya ce shekaru ya yi yana zaton intanet a iska yake, sai ranar Alhamis 14 ga Maris na 2024, a kwanakin farko na azumi. A ranar ne manyan wayoyi huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Kodibuwa. Intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a ƙasashe da dama, daga Laberiya zuwa Ghana da Benin da Burkina Faso, har da Nijar. An ɗauki makonni kafin jiragen ruwa masu gyara su kammala aiki.

Wansa da ke kasuwanci a Abidjan, wanda kullum sai ya turo saƙon murya bayan shan ruwa, shiru aka ji shi. Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. A biro kuma takardu suka taru ba su tafi ba.

Daga nan ne ya fara bincike. Ya gano cewa kusan duk bayanan da ke ƙetare nahiyoyi suna bi ne ta wayar fiba, zaren gilashi mai kaurin gashin kai da ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske. Nijar ba ta da teku, saboda haka dole wayarta ta ratsa ƙasar maƙwabta kafin ta isa inda waɗannan wayoyi ke fitowa, kamar Kwatano ko Legas. Saƙon da ya tura wa abokinsa a Damagaram ta WhatsApp ma ba kai tsaye yake zuwa ba, sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa sannan ya juyo.

Wannan ya sa yake bibiyar labarin aikin wayar fiba da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi don haɗa Aljeriya da Nijar da Najeriya da Chadi. Kason Nijar ya haura kilomita 1,000, ciki har da reshen Arlit zuwa Assamaka, da na Damagaram zuwa Magariya, da na Diffa zuwa iyakar Chadi, tare da cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Lissafinsa mai sauƙi ne: gidan da ke da ƙofa ɗaya, ranar da ta kulle kowa a ciki zai kwana. Idan ta kudu ta yanke, a samu ta arewa.

Babu kuran, babu rezo

Abu na biyu ya fi kusa da shi. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke amfani da shi daga Najeriya yake zuwa. Na Yamai yana bi ta layin Birnin Kebbi, na Maraɗi da Damagaram kuma ta layin Katsina zuwa Gazawa. A farkon watan Agusta na wannan shekara Najeriya ta yanke wutar a cikin takunkumin CEDEAO, ba a kuma ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024.

Ya ce a waɗannan watanni ya fahimci cewa turken rezo ma cin wuta yake kamar firji. In babu kuran sai inji, inji kuma sai gazuwal, kuɗin gazuwal ɗin kuma a ƙarshe mai sayen forfe ne ke biya. A biro sun koma tsara aiki bisa lokacin da ake sa ran wuta, wani lokaci tsakar dare yake zuwa ya tura takardu.

Abin da ke ba shi mamaki shi ne rana. Ƙasar da zafin ranarta ke hana mutum fita da azahar ita ce ke jiran wuta daga wani wuri. Akwai tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, ana kuma jiran madatsar Kandaji. Sai dai shi ya fi sa ido kan ƙananan farantan da ake kira pano, waɗanda yanzu ake gani a kan rufin shaguna da masallatai da rumfunan masu cajin salula. A cewarsa, duk wanda ya ɗora pano ɗaya a rufinsa ya yi wa intanet ɗin unguwarsu hidima, ko bai san haka ba.

Kwano a kan rufi

A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniya da Starlink, kamfanin attajirin nan na Amurka Elon Musk, aka kuma fara aiki da shi a hukumance a Maris na 2025. Najeriya ce ta fara samunsa a Afirka, tun Janairun 2023, shi ya sa mutanen Maraɗi suka san kwanon tun kafin ya samu lasisi a gida.

Bambancinsa da tsofaffin taurarin sadarwa shi ne nisa. Na da suna tsaye ne a kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, waɗannan kuwa dubbai ne da ke kewayawa a kusan kilomita 550, saboda haka saƙo ba ya daɗewa a hanya. Ba a buƙatar tona rami ko kafa turke. Kwano, wuta da sararin sama sun wadatar.

Matashin ya gwada shi a wani shago da ke sayar da awa ga samarin unguwa, ya kuma yarda cewa saurin ba wasa ba ne. Ya ce ga asibitin ƙauye ko makaranta a yankin Dakoro ko Bermo, inda babu kamfanin da zai ja waya nan kusa, wannan babban abu ne. A ƙasar da alƙaluman hukumar sadarwa ta duniya na shekarun baya-bayan nan suka nuna masu amfani da intanet ba su kai mutum 1 cikin 4 ba, duk ƙofar da ta buɗe alheri ce.

Amma yana da tambayoyi biyu. Ta farko kuɗi: mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun Janairun 2024, kuma mai irin wannan albashi sai ya tara na watanni kafin ya sayi na'urar kaɗai, ban da kuɗin wata. Ta biyu ta fi damunsa. Kamfanonin Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecom suna da ofisoshi da ma'aikata a cikin ƙasa, hukumar ARCEP na iya kiransu ta tambaye su. Tauraron da ke sama kuwa mai shi yana wata nahiya. Ya ce kayan aro ba ya rufe katara, ko da daga sama aka aro shi.

Makunnin yana hannun wa?

Ba teku da kuran kaɗai ke ɗauke intanet ba. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairun 2021, an rufe intanet na salula a Nijar tun daga 24 ga watan, har kimanin kwana 10. Lokacin yana neman aiki, kuma akwai takardar da ya kamata ya tura kafin wa'adi ya cika. Ya tuna yadda ya hau kabu-kabu ya nufi wajen Ɗan Isa da layin Najeriya a aljihu, yana ɗaga salula sama yana neman rezo.

A watan Satumba na shekarar sai abin ya juya. Hukumomin Najeriya suka rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya, saboda yaƙi da ƴan bindiga. Ya ce a lokacin danginsu na can ne suka koma neman rezon Nijar don su sanar da cewa suna lafiya.

Akwai kuma batun doka. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 kuma aka maido da shi. Matashin ba ya musun cewa ƙarya na yawo a WhatsApp. Ya ga yadda tsohon hoto daga wata ƙasa ke tayar da hankalin gari guda, ya ga kuma yadda ƴan damfara ke kiran tsofaffi suna cewa sun ci kyauta don su karɓe lambar sirrinsu. Abin da yake fata shi ne matashi ya san iyakar doka sarai kafin ya rubuta, ɗan kasuwa kuma ya san ba za a wayi gari an rufe masa shago saboda rigimar da ba tasa ba. Ya ce ba wanda zai zuba jarinsa a kasuwar da bai san ranar cinta ba.

Na'urar da ke koyon aikinsa

A ƙarshen Nuwamba na 2022 aka fito da ChatGPT, daga nan maganar ƙirƙirarriyar basira ta cika duniya. Shi ma ya fara amfani da irin waɗannan manhajoji a ɓoye. Wasiƙar Faransanci da a da take cin masa awa guda, yanzu minti 5 ta isa. Jadawalin kaya da yake kwana a kai, na'urar kan tsara shi kafin shayi ya huce.

Farin cikin bai daɗe ba. Wata rana ɗan Alhaji, wanda ke ajin ƙarshe a lise, ya zauna a teburinsa ya rubuta wasiƙar da ba ta da kuskure ko ɗaya, da salula kawai. Ya ce a daren bai yi barcin kirki ba. Idan rubutu da lissafi ne kaɗai abin da yake sayarwa, to kasuwarsa ta kusa tashi.

Da ya natsu sai ya zauna ya rubuta ayyukansa na mako guda a takarda, ya raba su gida biyu. A gefe ɗaya akwai waɗanda na'ura za ta iya: fassara, jadawali, tsara wasiƙa. A ɗaya gefen akwai sanin direban da in ya ce ya kusa to saura kwana biyu, da sanin abokin cinikin da ake ba bashi ba takarda da wanda ko da takarda ba a ba shi, da sanin lokacin da ya dace a shiga wurin Alhaji da labarin asara. Kasuwancin Maraɗi a kan amana aka gina shi tun zamanin gyaɗa, kuma na'ura ba ta zuwa suna ko gaisuwar mutuwa.

Duk da haka bai yaudari kansa ba. Ya ce biron da ke da ma'aikata uku yau, gobe ɗaya zai wadatar da shi, kuma wanda zai rage shi ne wanda ya iya sarrafa na'urar ya kuma iya gane kuskurenta. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su wuce shekara 15 ba, yana tambayar inda sauran biyun za su nufa, su da ƙannensu da ke fitowa daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kowace shekara.

Jikoki goma da dala ashirin

A nan ne abu na uku ya shigo. Innarsa ba ta yi boko ba, amma ta fi shi yawan saƙo a WhatsApp. Da murya take yin komai: adashe, cinikin ƙuli-ƙuli, sasanta ƴan uwa, karɓar labarin kuɗin da wansa ya turo. Alhaji ma haka yake, bai taɓa buga harafi ba, amma yana sayen kaya na miliyoyi da saƙon murya. Matashin ya ce duk mai son sanin kamannin intanet ɗin gobe a ƙasar Hausa ya dubi hannun waɗannan mutane biyu. Ba allon rubutu za su koya ba, na'urar ce za ta koyi jin maganarsu.

Matsalar ita ce wace Hausa za ta ji. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma abubuwa sun inganta sosai daga lokacin. Amma waɗannan na'urori daga rubutun da ke intanet suke koyo, mafi yawan Hausar da ke rubuce a can kuma ta Najeriya ce. Ya taɓa gwada wata manhaja da jimlar kasuwa, ya rubuta mata cewa an biya jika goma. Sai ta fassara masa da cewa an biya jikoki goma. Da ya ce dala ashirin, wato faran 100 a lissafin nan, sai ta ɗauka kuɗin Amurka ne. Abokan aikinsa sun yi dariya har da hawaye. Shi kuwa ya ce ya hango ranar da tsohuwa za ta tura kuɗi da murya, na'ura ta yi mata irin wannan lissafi.

A Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. A ganinsa takarda ta yi nata, saura masu rubutu. Muddin ƴan Maraɗi da Tawa da Damagaram ba su rubuta Hausarsu ba, da kuran ɗinta da rezonta da jikarta, na'ura ba za ta san da su ba. Ya kan ba da misali da Abdou Maman Kané, ɗan Nijar ɗin da ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa da salula, inda manomi ke kunna famfon gonarsa daga nesa, aikin da ya samo masa babbar kyautar ruwa ta Hassan II a 2015. Bai jira sabuwar fasaha daga waje ba, ya dubi wayar da ke aljihun manomi ne ya ba ta aiki.

Tafiya ko zama

Duk wannan tunani ba na shan shayi ba ne kawai, domin akwai shawarar da ke gabansa. Wansa ya daɗe yana kiransa Abidjan, inda ya ce wuta ba ta cika ɗaukewa ba, kuma mai ilimin kwamfuta ba ya rasa abin yi. Abokansa biyu sun riga sun tafi, ɗaya Aljeriya, ɗaya Turkiyya. A watan jiya ya kwashi adashe, kuɗin da zai isa mota da guzuri da zaman wata biyu.

Ya ce ya yi mako guda yana juya maganar. Ba ya ganin laifin wanda ya tafi, don kuɗin da Yaya ke turowa ne ya rufa wa gidansu asiri lokacin takunkumi. Amma ya lura da wani abu: aikin da yake wa Alhaji, akwai ƙananan ƴan kasuwa da yawa a layinsu da ke buƙatarsa ba su da halin ɗaukar ma'aikaci. Akwai kuma ƴan ƙasar da ke waje masu son wanda zai riƙe musu lissafin gini ko shago a gida, ya turo musu hoto da rasit ba tare da an ci amanarsu ba.

A ƙarshe ya sayi pano biyu da batiri da tsohuwar kwamfutar hannu. Da dare, bayan ya tashi daga biro, yana riƙe wa mutum huɗu lissafi, biyu a kasuwa, biyu a ƙasar waje. Ya kuma buɗe wani kundi inda yake tara kalmomin ciniki na Maraɗi da ma'anarsu, ya ce ko ba jima ko ba daɗe wani zai buƙace su. Ya shaida wa Yaya cewa ya ba shi zuwa babbar salla mai zuwa. In abin bai tsaya da ƙafarsa ba, zai hau mota.

Ƙarfe 4 saura kwata kuran ya dawo, fanka ta ci gaba daga inda ta tsaya. Salularsa ta yi ƙara sau biyu. Saƙon farko na Alhaji ne, yana tambaya ko takardar Lome ta tafi. Na biyu na Inna ne, mai tsawon minti 3, wanda ya fara da gaisuwa da addu'a, ya ƙare da cewa in zai dawo ya biya ya saya mata kiredi, don nata ya ƙare tana tsakiyar magana da Abidjan.